Daga Taga Zuwa Rahoton Wata: Yadda Ya Kamata A Horar Da Akawun Asibiti

A asibitocinmu na arewacin Kamaru, daga babban asibitin jiha na Garwa, Marwa ko Ngaundere har zuwa ƙaramar cibiyar lafiya ta ƙauye, wanda mara lafiya yake fara haɗuwa da shi shi ne mai riƙe da biro a bakin taga. Shi zai tambayi suna, ya rubuta a rajista, ya ba da lamba, ya buɗe karne, wato ɗan littafin asibiti na mara lafiya, ko dosiye, wato fayil ɗinsa. Shi ne kuma idan wata ya ƙare zai zauna ya ƙirga layukan rajistar nan, ya cika rahoton da za a kai gundumar lafiya. Wani wuri sakatare ake ce masa, wani wuri mai shigar da bayanai, ni dai akawu zan kira shi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake koya masa aiki: a zaunar da shi a ɗakin taro kwana uku ana haska masa allo, a miƙa masa takardar shaida, a ce ya iya. Wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin yara ya ga abin da ake nufi da "an kwantar" da "an sallama" ba, kuskuren da ya tarar a takarda zai kwafe shi yadda yake, ya tura shi har Yawunde, bai ma san ya yi ba.

Horon da ke amfani shi ne na sitaj, wato koyon aiki a tsaye cikin asibiti, ɗalibi yana bin takardar mara lafiya ƙafa da ƙafa daga inda aka buɗe ta zuwa inda ta kwana. A ganina mako takwas ne mafi ƙaranci, domin dole ɗalibi ya ga ƙarshen wata sau biyu: na farko yana kallo, na biyu shi ke yi ana kallonsa. Kada a haɗa wa mai koyarwa ɗaya ɗalibai fiye da biyu. Kowane ɗalibi ya riƙe littafin da aka jera ayyukan a ciki, kuma kada a sa masa hannu a kan wani aiki sai an gan shi ya yi da kansa.

Ranar farko ba a taɓa rajista. A zaga da shi asibitin ta hanyar da mara lafiya yake bi: taga, wurin biyan kuɗi, wurin awon zafin jiki da nauyi, ɗakin likita, labo, farmasi, ɗakunan kwanciya, ɗakin haihuwa, har ɗakin ajiye gawa. A koya masa wanke hannu, a tabbata ya yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, domin takardar da ta fito daga ɗakin jinya takan zo da ɗigon jini. Sannan ya sa hannu a takardar riƙe sirri.

Mako biyu na farko a taga za su ƙare, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin abin da ya lalace a taga ba ya gyaruwa a gaba. Ƙa'idar guda ɗaya ce: mutum ɗaya, lamba ɗaya, har abada. Faɗarta da sauƙi, yin ta a ƙasarmu da wuya, saboda sunayenmu. Usmanu ɗaya yana iya zama Ousmanou a yau, Ousmane gobe, Oussoumanou a katin ɗan ƙasa, Usman idan takardarsa daga Mubi ta zo. Zainabu tana iya faɗawa ƙarƙashin Z, ko ƙarƙashin D idan an rubuta Djenabou. Muhammadu kuwa ba a magana: Mohamadou, Mahamat, Mouhaman, Mamadou. Saboda haka ɗalibi ya saba da cewa kafin ya buɗe sabon dosiye sai ya nemi tsoho ta kowace irin rubutawa da sunan zai iya ɗauka. Idan mutum yana da katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa, a kwafi sunan harafi da harafi yadda yake a ciki. Idan ba shi da su, asibiti ya kasance yana da jerin rubutu ɗaya da aka tsayar ga sunayen da suka fi yawa, a manna shi a jikin taga. Suna kaɗai kuma ba ya isa a ce wane ne wane. A haɗa da sunan mahaifiya, shekaru, unguwa da lambar waya.

Akwai abin da aji ba zai koya wa kowa ba, wato kunya. Ga mace ta zo da yaro a goye, jikinsa zafi rau.

"Sannu Inna, ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Ya sunansa?"

"Babangida."

"Na yanka nake nufi, Inna."

Sai ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ko kuma sunan surukinta ya ci, bakinta ba zai iya furta shi ba. Sabon akawu zai matsa mata, ko ya gaji ya rubuta Babangida. Wata mai zuwa uban ya kawo yaron ya ce Abubakar, an samu dosiye biyu ke nan, tarihin ciwon yaro ya rabu gida biyu. Wanda ya ƙware zai nemi katin rigakafin yaron, ko ya juya ga yarinyar da ta rako ta ya ce, "'Yan mata, ya sunan ƙanenki?" Idan babu kowa, ya riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya har ta gyaɗa kai. Sai ya rubuta sunan yanka, ya sa laƙabin a gefe, domin da laƙabin za a neme shi a unguwa. Haka ake yi idan ana son sunan miji. Ɗalibin da ba ya jin Fulatanci kuwa ya koyi tambayoyin taga da shi tun makon farko, na Kuseri ya ƙara da Larabcin Shuwa, domin ba kowane mai zuwa ke jin Hausa ko Faransanci ba.

Sai shekaru. Da yawa daga manyanmu ba su da takardar haihuwa, kuma idan ka tambaya za a ce maka "kamar hamsin". A tanadi jerin abubuwan da kowa yake tunawa: samun 'yanci a 1960, saukar Ahmadu Ahijo daga mulki a 1982, karyewar darajar sefa a 1994, ambaliyar 2012, korona a 2020. "Baba, lokacin da Ahijo ya sauka ka yi aure?" Da amsa biyu ko uku za a kusanci gaskiya, sai a rubuta shekarar tare da alamar cewa kimantawa ce. Na yara ya fi buƙatar kulawa. Ɗan ƙasa da shekara biyar a rubuta shekarunsa da watanni, a lissafa daga azumi, Sallar layya, damina ko kaka. Dalili shi ne rahoto yana raba 'yan ƙasa da biyar da waɗanda suka haura, kuma tun 2011 gwamnati ta ce maganin zazzaɓin cizon sauro mara tsanani kyauta ne ga 'yan ƙasa da biyar, a 2014 ta ƙara da mai tsanani. Maganin kariya na damina da ake rabawa a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016 ma na 'yan wata 3 ne zuwa wata 59. Idan akawu ya ɗaga ɗan wata 56 ya mai da shi ɗan shekara biyar don sauƙin rubutu, ya sa uwa biyan abin da bai kamata ta biya ba.

Adireshi kuma, tunda gidajenmu ba lamba gare su ba, a rubuta gari, unguwa, sunan jauro ko bulama, da wata alama da ba ta tashi: bayan masallacin Juma'a, kusa da rijiyar burtsatse. Ranar da gwaji ya nuna kwalara ko ƙyanda, da wannan layin ma'aikata za su nemo gidan. Lambar wayar hannu ta Kamaru lamba 9 ce, tana farawa da 6, ɗalibi ya ƙirga kafin mai ita ya bar taga. A Kuseri, inda mutane ke tsallako gadar Ngeli daga Njamena, da garuruwan bakin iyakar Najeriya, a sa lambar ƙasa a gaba: 237 ta Kamaru, 235 ta Cadi, 234 ta Najeriya.

Mako na uku ɗakin ajiyar dosiye. Ƙaramar cibiya jeri na bi da bi ya ishe ta, 1, 2, 3. Babban asibitin da dosiye ya kai dubbai ya fi samun sauƙi da jerin lambar ƙarshe. A ɗauki 043782, a raba ta bibbiyu: 04, 37, 82. Ana fara karantawa daga dama. A je sashe na 82 cikin sassa ɗari na ɗakin, daga 00 zuwa 99, a cikinsa a nemi rukuni na 37, sannan a zaro na 04. Amfaninsa shi ne sababbin dosiye suna bazuwa ko'ina, ba sa cunkushewa a kanta ɗaya, kuma mutum uku na iya aiki lokaci guda ba su gogi juna ba. Ɗalibi ya jera aƙalla hamsin kowace rana, mai koyarwa ya zaɓi goma ya duba.

Dosiye ba ya fita ba tare da an bar kwali a gurbinsa ba, mai ɗauke da lamba, kwanan wata, inda aka kai shi da sunan wanda ya karɓa. Ko shugaban asibiti ne ya aiko, a cika kwalin. Duk yamma a bi kwalayen da suka kwana biyu a je a karɓo. Idan dosiye ya ɓata, akwai tsarin nema kafin a ce babu: a duba biyar na gabansa da biyar na bayansa, a leƙa cikin maƙwabtansa ko ya shige cikin wani, a juya lambobin (82 ta zama 28), sannan a gwada waɗanda ido ke rikitawa. A nan akwai wata matsala tamu ta 'yan bakin iyaka. Wanda ya yi makarantar Faransanci yana yi wa 1 ƙugiya, ya ja wa 7 layi a ciki. Wanda ya yi karatu a Najeriya 1 ɗinsa sanda ce miƙaƙƙiya, 7 ɗinsa babu layi. Sai ɗayan wannan ya zama bakwan wancan. Asibiti ya tsayar da rubutu ɗaya, kowa ya bi. Haka nauyi: a Faransanci 3,5 ake rubutawa da waƙafi, idan waƙafin bai fito ba jariri mai kilo uku da rabi ya zama mai kilo 35 a kwamfuta.

Ɗakin kansa yana da abokan gaba: gara, ɓera, ƙurar hunturu, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, da ruwa. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako, a janye ta kaɗan daga bango, layin ƙasa ya tashi aƙalla santimita 15 daga daɓe. A Yagwa, Kuseri da duk inda kogin Logon ke cika ya yi ambaliya, wannan bai isa ba, kafin Agusta a kwashe layukan ƙasa gaba ɗaya a mai da su sama. Kada a ɗaure dosiye da roba, zafi na narkar da ita ta manne a takarda. Sakamakon da injin ya buga a siririyar takardar nan mai sheƙi irin ta rasit yana gogewa cikin 'yan watanni, a yi masa fotokwafi tun ranar da ya zo. Abinci kuma ba ya shiga ɗakin, shi ke gayyato ɓera.

Daga mako na huɗu ɗalibi ya shiga ɗakunan kwanciya, ƙarƙashin majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na ɗakin. Ya bi zagayen likita da safe yana tsaye a baya, bakinsa a rufe, kunnensa a buɗe. Ba magani ya zo koya ba, ya zo ne ya haɗa abin da ido ya gani da abin da biro ya rubuta. A nan zai gane haɗarin gajerun kalmomin da likitoci ke so. GE na iya nufin gwajin jini na zazzaɓin cizon sauro, yana iya nufin amai da gudawa. IRA na iya zama ciwon ƙirji da numfashi na farat ɗaya, yana iya zama gazawar ƙoda. AVC shanyewar ɓarin jiki ne, AVP haɗarin hanya, harafi ɗaya ya raba su, kuma a rubutun gaggawa C da P ba su da nisa. Dokar ita ce akawu ba ya zato. Ya ɗauki dosiye ya koma, "Likita, gafara dai, wannan wanne ake nufi?" Ɗalibin da ke jin nauyin tambaya a karya masa wannan nauyin tun yana sitaj, in ba haka ba zai shekara ashirin yana cike gurbi da ka.

Idan an yi kuskure a rubutu, a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Ba a shafa farin ruwan gogewa, ba a kankarewa da reza, ba a yage shafi, ba a rubutu da fensir. Akawu kuma ba ya gyara abin da likita ko ma'aikacin jinya ya rubuta, mai rubutun ne zai gyara. Kowane shafi a cikin dosiye ya ɗauki suna da lamba, domin shafin da ya faɗo babu suna ya zama marar uwa.

Ƙidayar kwanciya ita ce lissafin da ya wajaba ya iya ko cikin barci. Ana tsayar da ita ƙarfe 12 na dare. A ce jiya an kwana da mutum 22. Yau an kwantar da 6, an kawo 1 daga wani ɗaki, an sallami 5, 1 ya rasu, an mai da 2 wani ɗaki. Saura 21. Sai ɗalibi ya tashi ya ƙirga kawuna a kan gado, idan 20 ya gani, to akwai wanda ya sulale da dare saboda kuɗin magani ya fi ƙarfinsa. Wannan ba "an sallama" ba ne, yana da gurbinsa daban, haka wanda danginsa suka ɗauke shi ba da yardar likita ba, haka wanda aka tura wani asibiti. Idan aka zuba su duka cikin waɗanda suka warke, rahoto ya yi kyau, gaskiya ta ɓata. Ranar shiga ana ƙirga ta, ranar fita ba a ƙirgawa, wanda ya shiga ya fita rana ɗaya kwana ɗaya ake ba shi. Ɗaki mai gado 30 a wata mai kwana 30 yana da kwanakin gado 900. Idan jimillar kwanakin majinyata 720 ce, cikar gado kashi 80 ke nan cikin ɗari. Idan mutum 180 suka fita a watan, har da waɗanda suka rasu, kowa ya yi kwana 4 a matsakaici. A Satumba da Oktoba, lokacin da zazzaɓi ke sa a kwantar da yara biyu a gado ɗaya, lissafin zai haura ɗari. Kada ɗalibi ya rage shi don ya yi kama da daidai, wannan adadin ne hujjar neman ƙarin gado.

Idan sitaj ya faɗo lokacin kwalara, a nuna masa cewa takardar da ta shiga wurin majinyata ba ta fitowa. Ana karanto bayanan ne ga wanda ke waje ya rubuta. Ya kuma san ruwan kulorin kala uku: kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na gado da daɓe, 2 na amai da bayan gida.

Ɗakin haihuwa da na rigakafi su ci mako guda cur. Jariri ba shi da suna sai ranar bakwai, don haka a rubuta "jaririn wance" tare da lambar uwar, jinsi, awa da nauyi. Tagwaye a sa na ɗaya da na biyu bisa wanda ya riga fitowa. Ranar da aka dawo da shi da suna a gyara a kan lambar da yake da ita, kada a buɗe sabuwa. Ɗalibi ya bambance adadin matan da suka haihu da adadin jariran da aka haifa, tagwaye na sa na biyu ya fi na farko. Ya bambance wanda aka haifa babu rai da wanda ya yi numfashi ko na minti ɗaya ne sannan ya koma, na biyun haihuwa ce mai rai kuma mutuwar jariri, gurbi biyu zai shiga. Ƙasa da giram 2,500 ƙarancin nauyi ne. Macen da ta rasu da ciki ko cikin kwana 42 bayan ƙarewarsa ana kai rahotonta nan take, ba a jiran ƙarshen wata. Awon ciki na farko sau ɗaya ake ƙirga shi a ciki ɗaya, ko da matar ta sauya asibiti, shi ya sa ake buɗe karnenta a duba kafin a rubuta. Mai riƙe da Chèque Santé, tsarin biya wa mai ciki kuɗin awo da haihuwa da aka fara a jihohin arewa uku a 2015 kan sefa 6,000, a kwafi lambar takardarta daidai a kowane zuwa, domin da ita asibiti ke karɓar kuɗinsa. Sanarwar haihuwa kuma a cika ta kafin uwa ta bar gado, a bi ta har ofishin rajistar haihuwa. Idan wa'adin doka ya wuce sai ta kotu, kuma mun san yaran da ke isa aji shida su tarar babu takardar da za su zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare da ita.

A rigakafi ya haddace jadawalin: BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna ranar haihuwa, Penta mai kare cututtuka biyar a mako 6, 10 da 14, ƙyanda da shawara a wata 9. A Janairun 2024 Kamaru ta fara sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yau da kullum a wasu gundumomi. Idan rajistar da ke hannu tsohon bugu ce babu gurbinta, a ja gurbin da rula a wuri ɗaya a kowane shafi, kada kowa ya rubuta inda ya ga dama.

Mako na bakwai na lambobin cututtuka ne, inda asibiti ke amfani da kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, CIM-10 a Faransance. Sabon bugu na 11 ya fara aiki a 2022, amma hanyar nema ɗaya ce: a fara da jerin haruffa, a tabbatar a babban jeri, kada a rubuta daga ka. A00 kwalara, B05 ƙyanda, I10 hawan jini, D57 sikila, T63.0 dafin maciji. B50 na zazzaɓin da gwaji ya nuna nau'in falsifarum ne, B54 na wanda ba a fayyace ba. Akawun da ke jefa komai a B54 ya zubar da wahalar labo. Takardar dalilin mutuwa likita ke cikawa, amma akawu ya iya karanta ta. Layin sama abin da ya kashe kai tsaye, layin ƙasa tushen da ya jawo sauran, kuma shi ake ƙirgawa. Yaron da jininsa ya ƙare saboda zazzaɓi, zazzaɓin ne tushe. Idan "zuciya da numfashi sun tsaya" kaɗai aka rubuta, a mayar wa likita cikin ladabi, domin duk mamaci haka ya yi, ba a faɗi komai ba.

Rahoto iri biyu ne. Na mako, daga Litinin zuwa Lahadi, na cututtukan da ke iya zama annoba: kwalara, ƙyanda, sanƙarau, shawara, shanyewar gaɓa farat ɗaya ga ɗan ƙasa da shekara 15. Ko ba a ga ko ɗaya ba sai an aika da sifili. Na wata kuma, RMA, shi ake shigarwa a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya: a riƙa haɗa jimilla a ƙasan kowane shafi kullum, a ja jan layi a ƙarshen wata. Kafin a aika, ɗalibi ya gwada adadin da junansu. Gwajin zazzaɓin da ya nuna cuta ba zai fi wanda aka yi yawa ba. Waɗanda aka ba magani su yi kusa da abin da ya fita daga farmasi. Idan Penta na uku ya fi na farko yawa wata bayan wata, akwai magana. Maza da mata idan an haɗa su ba da jimilla. Wanda ya dawo kan ciwon da aka riga aka rubuta tsoho ne, ba a sake ƙirga shi cikin sababbi. Gurbin da aka bari fayau yana nufin ba a sani ba, sifili yana nufin an duba babu, kada a haɗa su.

Game da kwamfuta magana kaɗan ce. Kowa da kalmar sirrinsa, ba a ara. A kwafe bayanai kullum a ajiye a wani ɗaki daban. A ware jerin lambobi na ranar da wuta ko intanet suka yanke, a yi aiki a takarda, a shigar da zarar sun dawo.

Sirri kuwa tun ranar farko ake fara shi, kuma a garuruwanmu da kowa ya san kowa shi ne jarrabawa mafi zafi. Sashe na 310 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara uku ga wanda ya tona sirrin da ya sani ta hanyar aikinsa. Amma mai zuwa tambaya ba baƙo ba ne, miji ne, suruka ce, mai neman aure ne, abokin mahaifinka ne. A sa ɗalibi ya maimaita amsar har ta zauna a bakinsa: "Alhaji, ka yi haƙuri, ba ni da ikon buɗe wannan, amma zan kai ka wurin likita." Ɗan sanda ma sai da takardar hukuma, kuma ta hannun shugaban asibiti. Rajistar masu cutar ƙanjamau da ta tarin fuka a kulle suke kwana. A taga ba a ɗaga murya a faɗi ɗakin da mutum zai je idan sunan ɗakin zai fallasa shi. Ɗaukar hoton shafin rajista a tura ta WhatsApp, ko da don a hanzarta rahoto ne, a hana shi, jimilla ake turawa ba sunaye ba.

Mako na takwas a gwada shi a bakin aiki. A ba shi lamba goma ya zaro dosiye goma, kowanne cikin minti uku. A sa wani ma'aikaci ya zo taga da sunan da ke da dosiye tuni amma da wani rubutu daban, a ga ko zai buɗe sabo. A saka kuskure biyar da gangan a kwafin rajista a ga nawa zai kama. Ya yi ƙidayar dare ta ɗaki ɗaya kwana uku a jere ta dace da kawunan da ke gado. Na ƙarshe, mai koyarwa ya ɗora yatsa a kan kowane adadi ya ga dama a rahoton watan da ɗalibin ya haɗa, ya ce, "Nuna mini su." Ɗalibi ya ɗauko rajista ya ƙirgo layukan ɗaya bayan ɗaya har su cika. Idan sun saɓa da fiye da kashi biyar cikin ɗari, a ƙara masa mako biyu a sashen da saɓanin ya fito, sannan a sake gwadawa.